Makonnin farko a kan maganin ADHD: wace illa ce ke wucewa, wacce ce ba a yi wa haƙuri?

A watan Mayun 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta umarci kamfanoni da su sake rubuta gargaɗin da ke saman takardar magungunan zaburar da ƙwaƙwalwa, waɗanda ake ba masu larurar ADHD, wato larurar kasa tsayar da hankali a kan abu ɗaya. Sabon gargaɗin bai ɓoye komai ba: maganin na iya zama wa mutum jaraba, wanda ya wuce ƙima zai iya rasa ransa, kuma wanda aka rubuta wa kada ya ba kowa, ko da ɗan'uwansa ne. A lokacin ana tsakiyar ƙarancin Adderall, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, a Amurka, wanda hukumar ta sanar tun Oktoban 2022. A Satumban 2023 Birtaniya ma ta fitar da tata sanarwar ƙarancin. Marasa lafiya da yawa suka koma wani irin da ba su saba da shi ba, wasu suka tsaya dole, daga baya suka sake farawa.

Labaran sun zo daidai lokacin da manya da dama, masu shekara talatin da arba'in, ke gano cewa abin da aka daɗe ana kira musu sakaci ko shiririta larura ce mai suna. Sai mutum ya karɓi maganinsa na farko da magana biyu a kunne: wasu na cewa rayuwarsu ta gyaru, hukuma na cewa a yi hattara. Kwana biyu da farawa abinci ya fita ransa, baki ya bushe, dare ya raba yana ido biyu. Haɗarin da aka yi gargaɗi a kansa ne ya soma, ko jiki ne ke sabawa?

Wani bincike da mujallar The Lancet Psychiatry ta buga, wanda ya bi bayanan marasa lafiya a ƙasashe da yankuna tara, ya nuna cewa fiye da rabin manyan da suka fara maganin ADHD sun daina kafin shekara ta zagayo. Dalilai sun bambanta daga mutum zuwa mutum, amma illolin farko na cikin abubuwan da kan sa a ajiye kwalba ba tare da an gaya wa likita ba.

## Larurar da maganinta

ADHD larura ce da ke shafar yadda ƙwaƙwalwa ke tsayar da hankali a kan abu ɗaya, da yadda take taka wa mutum birki kafin ya faɗi magana ko ya aikata. A yara an fi gane ta da ƙiriniya. A babba kuwa ƙiriniyar kan koma ciki. Ya ɗauko aiki biyar bai kai ɗaya ƙarshe ba, ya manta alƙawari, ya makara ko da ya tashi da wuri, ya tari numfashin mutane suna magana, kuɗi su fita hannunsa kafin ya yi shawara da kansa. Kowa kan yi irin wannan wani lokaci, shi ya sa ƙa'idar tabbatar da ita take da tsauri. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya ce sai alamomin sun faro kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma suna kawo wa rayuwar mutum cikas a zahiri. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne kusan kashi 2.5 cikin ɗari na manya.

Magungunan zaburarwa dangi biyu ne. Na farko metilfenidet, wanda aka haɗa a 1944 a kamfanin CIBA da ke Basel a Suwizalan, ana sayar da shi da sunaye irin su Ritalin, Concerta da Medikinet. Na biyu dangin amfetamin: Adderall, da lisdeksamfetamin wanda ake kira Vyvanse a Amurka, Elvanse a Turai. Ba sababbi ba ne. Tun 1937 wani likita mai suna Charles Bradley a jihar Rhode Island ya lura cewa amfetamin na sa yara masu ƙiriniya su zauna su yi aikin makaranta.

Duka biyun suna ƙara yawan sinadarai biyu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, dofamin da noradirenalin. Metilfenidet yana hana a zuƙe su da wuri bayan an sake su. Amfetamin yana yin haka, sannan yana tura a ƙara sakin su. Nan ne tushen illolin. Noradirenalin shi ne sinadarin da jiki ke aiki da shi idan mutum ya firgita: zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke, yawu ya ragu, ciki ya dakatar da neman abinci, barci ya gudu. Ƙwayar ba ta tsayawa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da nutsuwa kaɗai, jiki duka take zagawa. Don haka amfanin da illar ta ƙofa ɗaya suke shigowa, kuma abin da likita ke nema shi ne awon da amfanin zai bayyana alhali illar ba ta fi ƙarfin mutum ba.

Wani abin da ke raba magungunan shi ne tsawon aikinsu. Metilfenidet na gajeren zango kan yi awa uku zuwa huɗu, sai an sake sha. Concerta kan kai awa 12. Lisdeksamfetamin, wanda ba ya aiki sai jini ya juya shi zuwa deksamfetamin, kan kai awa 13 zuwa 14. Wanda ya san tsawon aikin nasa zai iya gane dalilin da ya sa wata illa ke zuwa masa a wani lokaci na yini.

## Dalilin da ya sa ake farawa da kaɗan

Babu likitan da zai dubi babban mutum ya faɗi awon da zai dace da shi tun ranar farko. Nauyin jiki ba ya nunawa, tsananin alamomi ma haka. Ƙato na iya wadatuwa da ɗan kaɗan, siririyar mace ta buƙaci ninkinsa. Aikin kamar na tela ne, sai an sa rigar a jiki ake sanin inda za a rage da inda za a saki.

Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da jagoranta kan ADHD a Maris 2018, kuma tsarin da ta shimfiɗa ya nuna yadda abin ya kamata ya tafi. Kafin ƙwaya ta farko ana auna nauyi da tsawo da bugun zuciya da hawan jini. Ana tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa da na shaye-shaye. Ana tambayar ko mutum ya taɓa suma a lokacin motsa jiki, ko numfashinsa na ɗaukewa fiye da na tsaransa, ko a cikin iyaye da 'yan'uwansa na jini akwai wanda ya faɗi ya mutu kwatsam kafin shekara 40 da zaton ciwon zuciya. In akwai irin wannan, sai likitan zuciya ya duba tukuna.

Daga nan a fara da ƙaramin awo. Lisdeksamfetamin miligiram 30 da safe, a riƙa ƙarawa a hankali, kusan mako-mako, ba a wuce 70. Metilfenidet na gajeren zango kan fara da miligiram 5 sau biyu ko uku a yini. Duk lokacin da za a sauya awo, ana auna jini da bugun zuciya kafin sauyin da bayansa. In an yi mako shida a kan isasshen awo ba a ga amfanin kirki ba, a gwada ɗaya dangin.

Abin da wannan ke nufi ga mai shan magani shi ne illa na iya dawowa a kowane mataki. Wanda ya saba da miligiram 30 har ya manta yana sha, ranar da aka kai shi 50 zai iya jin kamar makon farko ya dawo. Yawanci irin wannan kan lafa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kiransa illa ba amma yana ruɗar mutane. Kwanakin farko wasu kan ji wani irin annashuwa da ƙarfin jiki, su share ɗaki, su amsa saƙonnin da suka taru wata da watanni. Wannan jin yana gushewa. Gushewarsa ba ta nufin maganin ya daina aiki, kuma wanda ya fara ƙara wa kansa ƙwaya don ya dawo da shi ya kama hanyar da gargaɗin FDA ke magana a kai. Ma'aunin da likita ke so a duba daban ne: an kammala aikin da aka ɗauko? An isa wurin aiki a kan lokaci? An iya sauraron mai magana har ya kai aya?

## Illolin da aka fi kuka da su

Rashin cin abinci ne kan gaba. A ce mutum ya haɗiyi kafsonsa da ruwa kawai ƙarfe bakwai na safe, ya fita. Azahar ta yi, an ajiye masa shinkafa da wake, ya yi loma biyu ya ture kwano, ba don girkin ba daɗi ba, yunwar ce ba ta zo ba. Wajen La'asar kansa ya fara sarawa, hannunsa na ɗan rawa, ƙaramar magana ta ɓata masa rai. Zai ɗora wa maganin laifin duka, alhali wani ɓangare na abin da yake ji yunwa ce da ƙishirwa waɗanda maganin ya rufe masa. Shawarar NICE a nan mai sauƙi ce: a sha maganin tare da abinci ko bayan an ci, a ƙara ci da sassafe ko da dare lokacin da ƙarfinsa ya sauka, a zaɓi abinci mai riƙe ciki da gina jiki. Ƙosai da kunun gyaɗa ko ƙwai kafin a sha, ɗan gyaɗa ko dabino a aljihu, fura da nono da rana tunda abin sha ya fi saurin shiga. Mutum ya ci da agogo, kada ya jira yunwa ta kira shi. Ana auna nauyin babba duk wata shida, kuma in rama ta ci gaba sai a duba ko a rage awo, ko a tsara hutu, ko a sauya magani.

Barci ya fi wannan sarƙaƙiya. Manya da yawa masu ADHD dama can ba sa iya kwanciya da wuri tun kafin su san wani magani, don haka tambayar farko ita ce yaya daren yake a da. In matsalar sabuwa ce, lokacin sha ake fara dubawa. Maganin da ke aiki awa 14, in an sha shi ƙarfe goma na safe, yana nan a jiki har sha biyun dare. Takardar Ritalin ta Amurka ta ce babban da barci ke yi wa wuya ya sha awonsa na ƙarshe kafin ƙarfe 6 na yamma. Amma akwai waɗanda abin nasu akasin haka ne: maganin ya ƙare da yamma, tunani ya dawo yana tsalle-tsalle, shi ke hana su barci, kuma irinsu wani lokaci gyaran da likita zai yi shi ne ya tsawaita aikin maganin. Ba za a gane wane ne wane ba sai da rubutu. Shi ya sa ake so mutum ya riƙa rubuta lokacin da ya sha, lokacin da ya kwanta, da lokacin da barci ya ɗauke shi.

Sai saukar magani. Wasu idan ƙarfinsa ya fara janyewa sukan ji gajiya ta rufto musu lokaci guda, da ƙunci, da saurin fushi, wani har hawaye babu dalili. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ya dace da lokacin komawa gida, don haka mata ko miji da yara ne ke fara shan sa. Wannan ya sa iyali kan ce maganin ya ɓata masa hali, alhali abokan aiki na cewa ya gyaru. Duk sun faɗi abin da suka gani. Alamar saukar magani ita ce tana zuwa kusan lokaci ɗaya kullum, kuma tana wucewa. Likita na iya komawa iri mai sauka a hankali, ko ya raba awon, ko ya ƙara ɗan ƙarami da yamma.

Wanda ɓacin ransa ko fargabarsa ke zuwa awa ɗaya ko biyu bayan sha, lokacin da maganin ke ganiyarsa, labarinsa daban ne. Haka wanda ya ce ya zama shiru-shiru, raha ta daina ba shi dariya, yana jin kamar ba shi ba, ko ya maƙale wa ƙaramin aiki awanni ya kasa sakinsa. Wannan galibi alama ce ta awo ya yi yawa ko irin bai karɓe shi ba. Ba abu ne da ake cije wa ba, kuma ba shi ne farashin samun nutsuwa ba. Sa'ar da damuwa ke zuwa ita ce ke nuna wa likita abin da zai taɓa, ko yawan maganin, ko lokacinsa, ko irinsa. "Ba na jin daɗinsa" ba ta ba shi abin kamawa. "Kullum wajen ƙarfe biyar nake jin raina ya ɓaci, zuwa Isha ya wuce" ta ba shi.

Bushewar baki, ɗan ciwon kai, tashin zuciya, gumi, cije haƙora ba tare da sani ba, duk ana ganinsu. Ruwa a kusa da cingam marar sukari na taimaka wa baki, kuma ya kamata a kula da haƙora domin ƙarancin yawu na saurin jawo musu ruɓewa. Bugun zuciya da hawan jini kan ɗan ƙaru. Takardun magungunan sun ba da matsakaici: maki 2 zuwa 4 a awon jini, bugu 3 zuwa 6 a minti. Matsakaici ne fa, wani nasa zai fi haka, shi ya sa ake aunawa maimakon a yi zato.

Wani ƙaramin abu kan tsorata masu shan Concerta: ganin ƙwayar ta fito a bayan gida kamar ba ta narke ba. Ɓawon ne kawai. An ƙera ta ne yadda ruwan ciki zai riƙa shiga yana turo maganin ta wata 'yar huda, don haka ba a tauna ta, ba a fasa ta. Bambancin ƙira irin wannan shi ya sa sauya iri a lokacin ƙaranci ya wahalar da mutane. Concerta na sakin kashi 22 cikin ɗari nan take, Medikinet na dogon zango kuwa rabi yake saki, kuma shi sai da abinci ake shan sa. Sinadari ɗaya, miligiram kusan ɗaya, amma yinin ba zai zo iri ɗaya ba. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ja hankalin likitoci kan haka a 2022.

## Waɗanda ba a jira su wuce

Ciwon ƙirji, ɗaukewar numfashi, suma, ko zuciya ta riƙa bugu ba tsari: a dakatar da magani a je asibiti a ranar. NICE ta ce in bugun zuciya ya tsaya sama da 120 a minti mutum na zaune yana hutawa, ko aka auna hawan jini sau biyu aka ga ya tashi sosai, a rage magani a tura shi wurin ƙwararre.

Haka nan jin muryoyi, ganin abin da babu, mummunan zargin cewa ana bin mutum ko ana ƙulla masa sharri, ko ya yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, yana zuba magana da manyan tsare-tsare. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2019, a kan matasa masu shekara 13 zuwa 25 a Amurka, ya samu irin wannan ruɗewar a kusan mutum ɗaya cikin 660 da suka fara maganin, kuma ta ninka a masu shan amfetamin idan aka kwatanta da masu shan metilfenidet. Ba ta da yawa, amma mai ita ba shi ne ke fara ganewa ba, don haka yana da kyau wani na kusa ya san an fara magani, ya kuma san abin da zai sa wa ido. Tunanin kashe kai, farfaɗiya, yatsu su yi sanyi su sauya launi ko gyambo ya fito musu babu dalili, duk suna cikin wannan rukuni. Akwai kuma wadda kunya ke hana faɗa: gaban namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya tsawon awanni, da ciwo ko babu. FDA ta yi gargaɗi a kanta a 2013 game da metilfenidet. In ta kai awa huɗu, aikin gaggawa ne, domin jinkiri na iya barin lahani na dindindin.

Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai niyyar ɗaukar ciki, su faɗa wa likita tun kafin a rubuta.

## Inda masana suka sha bamban

Cewa magungunan na rage alamomi a gajeren lokaci, wannan kusan babu jayayya. A 2018 wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 133 ya nuna amfetamin ya fi dacewa a fara da shi ga manya, metilfenidet ga yara. Sai dai su kansu masu nazarin sun ce hujjarsu ta tsaya ne a kusan mako 12, alhali mutane shekaru suke yi suna sha. Masu taka-tsantsan a nan suke kafa hujja. Wani nazarin 2022 na Cochrane, ƙungiya mai tantance binciken lafiya, kan metilfenidet na dogon zango a manya ya ce ingancin hujjar ya yi rauni ƙwarai, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa metilfenidet a jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021. Ƙungiyoyin likitocin da ke duba masu larurar sun soki matakin, suna cewa zai ƙara nisanta maganin daga ƙasashe marasa ƙarfi.

Batun zuciya ma haka yake. Wani bincike na 2011 a Amurka, wanda ya bi manya fiye da 150,000 masu shan maganin, bai ga ƙarin bugun zuciya mai kisa ko shanyewar ɓarin jiki ba. Wani na Suwidin da ya fito a 2023 ya samu cewa tsawon shekarun sha na tafiya da ɗan ƙarin haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, musamman hawan jini, kusan kashi 4 cikin ɗari a kowace shekara. A 2024 kuma wani daga Suwidin ɗin ya nuna waɗanda suka fara magani bayan an gano larurar sun fi ƙarancin mutuwa cikin shekara biyu, musamman ta haɗari da makamantansa. Duka ukun bin bayanan marasa lafiya suka yi, ba gwajin raba mutane gida biyu ba, don haka ba su isa yanke hukunci kan sanadi ba. Amma ba su ci karo da juna kamar yadda ake zato ba. Barin larurar babu magani na da nasa haɗarin, shan maganin na da nasa, kuma na biyun yawancinsa ana iya kama shi da na'urar awon jini.

## Goro, shayi, azumi da kemis

Mai karatu a ƙasar Hausa, ko Bahaushen da aka rubuta wa maganin a Landan ko Houston, yana da wasu abubuwa na yau da kullum da takardar magani ba za ta ambata da sunansu ba. Goro na ɗauke da kafin, sinadarin da ke cikin kofi, haka shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari. Wanda ya haɗa su da maganin zaburarwa ya ɗora zaburarwa kan zaburarwa, kuma faɗuwar gaba da rawar hannu da yake kuka da su na iya raguwa sosai in ya rage. A rage a hankali, domin yankewa lokaci guda na kawo nasa ciwon kan. Wasu magungunan mura da ake saya a kemis babu takarda na ɗauke da sinadarin buɗe hanci mai ɗaga hawan jini. Tramadol kuwa ya fi su haɗari: yana iya tayar da farfaɗiya, kuma haɗuwarsa da amfetamin na iya jawo zazzafar rikicewar jiki mai zuwa da zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa. Duk abin da mutum ke sha, har na gargajiya, likita ya sani.

Azumi na buƙatar shiri tun kafin a ga wata. Awon rana ba zai yiwu ba, wanda aka sha da sahur zai hana komawa barci bayan Asuba kuma zai ƙare da wuri, ga bushewar baki babu halin kurɓar ruwa, musamman in azumin ya faɗo cikin zafi. Wanda ya riga ya daidaita zai iya tsara lokacin sha da likitansa. Wanda bai fara ba, zai yi wuya a bambance illar magani da gajiyar azumi, don haka ya dace su tattauna ko a jira bayan Sallah. Abin da ya shafi hukuncin mara lafiya kuwa na malamai ne.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa amfetamin da metilfenidet cikin magungunan da ake tsananta sa ido a kansu, kuma Najeriya da Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Hanyar samunsu ta halal ita ce likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, ko asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano. Likitocin ƙalilan ne idan aka dubi yawan jama'a, ga kuma tsoron kada a kira mutum ɗan ƙwaya, a yankin da kodin da tramadol suka yi wa matasa ɓarna. Wannan tsoro kan sa mara lafiya ya ɓoye wa iyalinsa, waɗanda su ne za su fara lura in wani abu ya sauya. Ƙwayar da aka samo daga aboki ko ta intanet kuwa ba ta da awon farko, ba ta da mai bibiya, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta sha kama Adderall na jabu da aka cusa wa muguwar ƙwayar metamfetamin.

## Idan bai karɓi mutum ba

Akwai waɗanda za a gwada musu dangi biyun, a juya awo da lokaci, illar ta ƙi sauka ko amfanin ya ƙi zuwa. Ga irinsu NICE ta ajiye atomoksetin, wanda aka amince da shi a Amurka da sunan Strattera a 2002. Ba ya cikin masu zaburarwa, ba a san shi da zama jaraba ba, amma sai an yi makonni ana sha kullum kafin a ga aikinsa, kuma yana da nasa illolin: tashin zuciya, rashin cin abinci, da raunin kusantar iyali ga wasu maza. Akwai kuma jinyar zama da ƙwararre, inda ake koyon tsara lokaci, raba babban aiki ƙanana, da gyara wurin aiki don rage abin da ke ɗauke hankali. Ana yin ta tare da magani, ana yin ta ita kaɗai ga wanda ya zaɓi haka.

Wanda maganin ya karɓa ma ba a sallame shi ba. Ana so a zauna da shi aƙalla sau ɗaya a shekara a duba ko har yanzu yana buƙatarsa, ko a rage, ko a gwada ɗan hutu a ga yadda zai kasance. In kuma tsayawa za a yi bayan dogon sha, musamman a kan babban awo, likita ne ke tsara yadda za a sauka, domin yankewa lokaci guda kan bar mutum da gajiya, yawan barci da ƙuncin rai na wasu kwanaki.